Karatun duk na Amurka ne: me zai yi aiki a ma'aikatarmu ta Yamai?

Tambaya: Ni ce mai kula da ma'aikata a wata ƙungiya mai zaman kanta a nan Yamai. Mu wajen 60 ne, muna da reshe a jihar Tawa. Masu ba mu tallafi sun ce mu rubuta manufa kan ɗaukar mutane iri-iri, da adalci, da tafiya da kowa a wurin aiki. Na yi karatu sosai, amma kusan duk maganar baƙi da farare ce a Amurka. Daraktanmu kuma ya ce mu shirya taron horo na kwana biyu a wuce wurin. Mene ne mai amfani a cikin karatun nan, kuma ta ina za mu fara?

Amsa: Hajiya, kuɗin taron nan a ajiye su tukuna. Idan aka tace rubuce-rubucen da aka yi a wannan fanni, abin da ya fi tabbata shi ne wa'azin kwana biyu ba ya canza wanda ake ɗauka aiki, ba ya canza wanda ake ƙara wa girma. Abin da ke canza su shi ne gyara hanyar da ake bi a yanke shawara, da ɗora wa mutum guda, wanda kowa ya san sunansa, nauyin kawo lissafi a kan lokaci.

Hujja mafi ƙarfi a kan haka daga Amurkan ta fito. Masana zamantakewa biyu, Frank Dobbin da Alexandra Kalev, sun bi bayanan kamfanoni sama da 800 na tsawon kusan shekara 30. A sakamakon da suka fitar a 2016, kamfanonin da suka tilasta wa shugabannin sassa shiga irin wannan horo, bayan shekara biyar ba su ga ƙaruwar fararen mata ko baƙaƙen maza a muƙaman shugabanci ba, baƙaƙen mata ma raguwa suka yi da kusan kashi 9 cikin 100. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: wanda aka kawo ɗaki dole aka nuna masa shi ne mai laifi, kare kansa zai yi. Abubuwan da suka ga sun yi tasiri ba su da armashi a hoto: kwamitin shugabannin sassa mai duba alƙaluma, ma'aikacin da aka damƙa wa wannan aiki takamaimai, haɗa sabon shiga da babba mai ja masa gora, da zuwa makarantu da gangan a nemo waɗanda ba su saba neman aiki a wurin ba. Mu kuma nan mun san yadda taron horo ke ƙarewa. Shayin ƙarfe goma, hoton rufe taro, takardar shaida, kuɗin zama, ranar Litinin kowa ya koma kan abin da ya saba.

Akwai kuma abin da ba na so ki jingina da shi. Ba makawa kin ci karo da rahotannin kamfanin McKinsey na 2015, 2018 da 2020, masu cewa kamfanonin da shugabanninsu suka haɗa jinsi da launi daban-daban sun fi cin riba. Kowa na ambatonsu, amma a 2024 da masu bincike Jeremiah Green da John Hand suka sake lissafin a kan manyan kamfanoni 500 na kasuwar hannun jarin Amurka, ba su sami wata alaƙa ta a-zo-a-gani tsakanin launin fatar shugabanni da riba ba. Ku da ba ma riba kuke nema ba, hujjarku ta fi wannan kusa. Jami'in da aka tura Abalak ko Cintabaraden bai jin Tamashek ko Fillanci, rabin abin da aka faɗa masa tafinta ne ya zaɓa masa. Tawagar da ba mace a cikinta, iyakarta zaure, ba za ta ji abin da matan gida ke ciki ba.

Sauran hujjar tana cikin dokar ƙasa. Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, a mataki na 5 ta hana mai ba da aiki la'akari da jinsi, shekaru, asalin ƙasa, asalin zamantakewa, launi, addini, ra'ayin siyasa, naƙasa, cutar sida, amosanin jini, ko kasancewa cikin ƙungiyar ƙwadago, wajen ɗauka, rabon aiki, horo, ƙarin girma, albashi, ladabtarwa da sallama. Ita dai dokar ta wajabta albashi ɗaya a kan aiki mai daraja ɗaya, ta haramta neman lalata da ma'aikaci ta hanyar amfani da muƙami, ta kuma ce a ware wa naƙasassu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben da za a cike. Ki gina manufarku a kan wannan. Harshen masu tallafi yana juyawa da siyasar ƙasashensu: a Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta rufe irin waɗannan shirye-shirye a ma'aikatunta, kalmomin da ake nema jiya a takardun neman tallafi suka zama abin gudu. Manufar da aka kafa a kan dokar Nijar ba ta faɗuwa don an canza shugaba a wata ƙasa.

Kin yi gaskiya da kika ce rabon baƙi da farare ba namu ba ne. Hanyoyin gyaran za su iya hayewa teku, amma layukan da ke raba mutane sai kin nemo su a gida. A ma'aikatun Yamai, babban layin shi ne wanda kowa ke kira PAC: dangi, abokai da 'yan sani. Sau da yawa ba ƙiyayya ce ke hana wani aiki ba, labarin gurbin ne bai fita daga fadar shayi guda ba. Daga nan sai jiha da harshe, sai irin diplom, inda wanda ya fito makarantar Faransanci da Larabci ko ya yi karatu a Nijeriya ko Sudan ke shan tambayar da ɗan'uwansa bai sha ba. Sai jinsi, sai naƙasa. Sai kuma wanda ba a so a faɗa, wato asali. Nijar ta mai da bauta laifi a dokar hukunta laifuka a 2003, kuma a Oktoban 2008 kotun CEDEAO ta yanke hukunci a shari'ar Hadijatou Mani, wadda lamarinta ya faru a yankin Ƙonni na jihar Tawa, cewa ƙasa ta gaza kare ta daga bauta. Ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta na kan wannan aiki tun farkon shekarun 1990. A biro, abin ba ya zuwa da sunansa. Yana zuwa ne ranar da za a naɗa shugaban reshe, wani ya ce “mutanen can ba za su bi shi ba, kun san gidansu,” ko a ce ɗan maƙera ko ɗan mahauta ne. Wannan shi ne asalin zamantakewar da mataki na 5 ke nufi, kuma duk manufar da ta tsallake shi ado ce kawai.

Aikin farko lissafi ne, kuma mako biyu sun isa. Tebur ɗaya a kwamfuta, layi ɗaya ga kowane ma'aikaci har da direbobi, masu gadi da masu shara: jinsi, matsayi, irin kwantara, ranar ɗauka, albashi, kowane alawus daban, ranar ƙarin girma na ƙarshe, yawan kwanakin tafiyar aiki da na horo a shekara biyun da suka wuce, harsunan da yake ji, inda ya yi karatu, da yadda ya sami labarin aikin. Kada ki buɗe gurbin ƙabila ko na addini, balle na asali. Bayanai ne masu haɗari, akwai dokar kare bayanan mutane da hukumar HAPDP mai kula da ita, kuma ranar da jerin ya fita daga hannunki zai zama makami. Harshe, wurin karatu da hanyar jin labari za su nuna miki abin da kike nema. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsayawa a jimilla, a ce “mata kashi 35 ne.” Ki raba ta mataki-mataki. Idan matan duk sakatarori ne da masu wayar da kai a ƙauyuka kan kwantarar wata shida, teburin shugabanni kuma maza zalla, wannan 35 ɗin ba ta faɗi komai ba.

Inda ya kamata ki fi kashe ƙarfi shi ne ɗaukar aiki, domin a nan ake rufe ƙofa ba tare da kowa ya ji ƙararta ba. Ɗauki sanarwar da aka saba gani ta neman mataimakin akanta: Mastar, gogewar shekara biyar, Ingilishi, lasin tuƙi, a kawo dosiye da hannu a biro na Yamai cikin kwana biyar, haɗe da takardar shaidar rashin laifi daga kotu, takardar zama ɗan ƙasa, da kofen diplom mai hatimi. Yarinyar da ta gama Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa tana zaune a Buza ko Keita, kafin ta ji labari, ta haɗa takardu, ta sami kuɗin mota, an rufe. Ba wanda ya ƙi ta, amma ba ta shiga ba. Gyaran ba shi da tsada. Kowane sharaɗi a tambayi shugaban sashe: wane aiki ne a cikin mako ba zai yiwu ba sai da wannan? Wanda ba amsa a goge shi. A ba da mako uku. A karɓi CV ta imel ko WhatsApp, takardu masu hatimi kuma a neme su daga mutum uku na ƙarshe kaɗai. Sanarwar ta bi ta hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, ANPE, ta je jami'o'in Tawa, Maraɗi, Damagaram da Agadas, ta je tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta FNPH, a kuma karanta ta a rediyon jiha idan aikin na can ne.

Wajen tace dosiye, za ki ga ana yawan ba da shawarar a rufe suna. Shawarar na da tushe. A wani gwaji da aka wallafa a 2010, an aika wa kamfanonin Faransa CV biyu masu ƙwarewa ɗaya da sunan mahaifi ɗaya na Senegal, ɗaya Marie Diouf, ɗaya Khadija Diouf. Marie ta sami kira a kashi 21 cikin 100, Khadija kashi 8. Amma da hukumar samar da aiki ta Faransa, Pôle emploi, ta gwada CV marar suna a 2009 da 2010, sai aka ga 'ya'yan baƙin haure da na unguwannin talakawa sun ƙara yin baya. Kamfanonin da suka yarda su shiga gwajin dama masu sassauci ne, kuma da aka ɓoye suna da unguwa, sai mai tacewa ya daina yi wa giɓin da ke cikin CV uzuri. A Yamai akwai ƙarin matsala: kafin a buɗe ambulan, waya ta riga ta shigo. Don haka rufe suna ya fi amfani a jarrabawar aiki, kamar yadda ake yi a BEPC da BAC. A ba kowa lamba, a ba shi aikin gaske na awa ɗaya, misali daidaita lissafin akwatin kuɗi ko rubuta rahoton shafi guda, mutum biyu su yi maki kowa shi kaɗai, sannan a buɗe sunaye. Kuma a raba makin abin da aka sani da makin Faransanci. Idan aikin na rijiyoyi ne, kuskuren nahawu bai kamata ya kayar da wanda ya san famfo ba.

Ganawar baki da baki ita ce inda son kai ya fi samun wuri, domin hira marar tsari tana ƙarewa ne a “ya kwanta mini a rai,” kuma wanda ke kwanta mana a rai yawanci mai kama da mu ne. Bitar bincike-binciken ɗaukar aiki da masani Paul Sackett da abokan aikinsa suka yi a 2022 ta sa ganawa mai tsari a sahun gaba cikin hanyoyin gane wanda zai iya aiki. Tsarin shi ne tambaya biyar ko shida da aka rubuta tun kafin a ga dosiye, a yi wa kowa su a jere ɗaya. Kowace tambaya maki 1 zuwa 5, an rubuta irin amsar da ta cancanci 1, da 3, da 5. Alƙalai uku, ba duka maza ba, ba duka sashe ɗaya ba. Kowa ya rubuta makinsa ya sa hannu kafin a buɗe baki, kuma mafi girman muƙami shi ne na ƙarshen magana, don idan shef ya fara, sauran gyaɗa kai kawai za su yi. Wanda ke da dangantaka da mai neman aiki ya faɗa a rubuce ya fita. Tambayoyin “kina da aure?”, “mai gida zai bar ki tafiya?”, “ɗan wane gida ne kai?” a soke su. Idan aikin na da tafiya, a faɗa wa kowa, namiji da mace: “Aikin nan na da kwana takwas a wata a jihar Tawa, za ka iya?” Abin da ke rusa wannan tsari guda ne: a gama lissafi, darakta ya ɗauki na huɗu. Ba za ki iya hana shi ba, amma manufar za ta iya cewa duk wanda ya tsallake jerin sai ya rubuta dalili, a ajiye a dosiye, kwamitin gudanarwa ya gani. Yawancin alfarma ba ta jure a rubuta ta.

Ki duba sitaj ma, don ita ce ƙofar baya. Sitaj na wata shida ba ko dala, mai iya yin sa sai wanda iyayensa ke Yamai kuma yana da babur. Wanda zai fito daga Harobanda ko Talaje kullum da kuɗin taksi daga aljihunsa ba zai kai wata biyu ba. Bayan shekara kuma a ce “mu ɗauki wanda muka sani, ya yi sitaj a nan.” A riƙa sanar da guraben sitaj a fili, a biya aƙalla kuɗin mota da na abincin rana.

A kan albashi, ainihin albashin ba kasafai ake samun ɓarna a cikinsa ba idan akwai jadawali. Ɓarnar na cikin alawus, da tafiye-tafiyen aiki, da wanda ake turawa horo Dakar ko Abijan. Kuɗin kwanan daji na iya ninka abin da mutum ke shiga da shi gida, kuma wanda ya yi tafiya shi ake gani ranar ƙarin girma. Sau da yawa ana tsallake mace da sunan tausayi, “tana da goyo,” ba tare da an tambaye ta ba. A tambaye ta. A manna jerin tafiye-tafiye da na horo a allo duk wata uku. Hutun haihuwa mako 14 ne a doka, da awa ɗaya ta shayarwa a kowace ranar aiki bayan dawowa, amma inda ake cutar mata shi ne kwantara mai wa'adi da ke ƙarewa tana cikin jego a ƙi sabuntawa. Ki ƙirga sau nawa hakan ta faru a shekara uku. A sa kuɗin mai riƙon gurbi a kasafin kowane shiri tun farko, don shugaban sashe ya daina ganin cikin ma'aikaciya a matsayin asararsa.

Na naƙasassu, kashi 5 na nufin mutum ɗaya cikin kowane ɗauka 20, kuma ba ya cika da kansa sai an je an nema. Gini kuma a auna shi da mita. Dakalin da ya kai santimita 30 yana bukatar gangara mai tsawon mita 6 idan ana so mai keken guragu ya hau da kansa, ƙofa kuma faɗin santimita 90. Abin da magina suka saba yi, gangarar mita ɗaya, ta shigar da babur ce. A duba ban-ɗaki kafin a yi alfahari da ƙofar shiga. Makaho mai ilimi na aiki da kwamfuta da manhajar NVDA mai karanta allo, kyauta ce, tana kuma karanta Faransanci.

Ɗauka daban, zama daban. Tun 1977 masaniyar zamantakewa Rosabeth Moss Kanter ta nuna cewa idan wani rukuni bai wuce kashi 15 cikin 100 na taro ba, ana daina ganin mutum, ana ganin wakilin jinsinsa. Mace ɗaya cikin shugabanni goma, kuskurenta na dukan mata ne, kuma ita za a ce ta rubuta rahoton taro. Dokar kason mata ta Nijar ta 2000, wadda aka ɗaga a 2019 zuwa kashi 25 a muƙaman zaɓe da 30 a na naɗi, ba ta ɗaure ƙungiyarku ba, amma 30 ɗin ma'auni ne da ba wanda zai ce baƙo ne. Harshen taro ma abin dubawa ne. Kundin sake gina ƙasa da gwamnatin Nijar ta zartar a Maris 2025 ya sa Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki, amma a taron ma'aikata abin lura shi ne kada a yanke shawara cikin harshen da wani a ɗakin bai ji, Hausa ce ko Zabarmanci. A bar direba ya yi magana da harshen da ya fi iyawa, wani ya fassara, shawara kuma a maimaita ta a rubuta.

Sai taubasantaka, wadda babu littafin Amurka da zai gaya miki yadda za ki yi da ita. UNESCO ta sa ta cikin gadon al'adun duniya a 2014, kuma a biro tana kashe wutar da takardar gargaɗi ba ta iya kashewa: Bafillace da Babarbare, Bagobiri da Bazabarme, su yi ta yi kowa na dariya. Kada manufarku ta hana ta, za a yi muku dariya kuma da gaskiyar mutane. Iyakarta dai a bayyane take. Wasa ne muddin ɗayan na da bakin ramawa. Idan shef ne ke ce wa ƙaramin ma'aikaci “bawana” a gaban jama'a, shi kuma kwantararsa na hannun shef ɗin, ko kalmar ta taɓa abin da ake faɗa a kan gidansu da gaske, ya tashi daga wasa. Haka “matata” da ake ce wa 'yar sitaj.

Wannan ya kawo mu hanyar kai kuka. Ƙofa ɗaya ba ta isa ba, musamman idan ta bi ta wurin wanda ake ƙara. A sa biyu ko uku: ke, da wakilin ma'aikata, da wani daga kwamitin gudanarwa, aƙalla ɗaya mace. A rubuta wa'adi, misali amsar karɓa cikin kwana uku da sakamako cikin kwana 30, a kuma gaya wa kowa cewa ofishin sufetan ƙwadago na nan idan gida ya gaza. Bayan wata shida a koma a duba abin da ya sami wanda ya kawo kukan, domin ramuwa ba ta zuwa da takardar kora, tana zuwa da cire suna daga tafiya da ƙin sabunta kwantara. Kada kuma ki yi murna da shekarar da ba a kawo ƙara ko ɗaya ba. Amy Edmondson, a binciken da ta yi a asibitocin Amurka a shekarun 1990, ta tarar tawagogin da suka fi jituwa da shugabanninsu su ne suka fi ba da rahoton kurakurai, don ba sa tsoron faɗa.

Takardar da za ki ba masu tallafi kada ta wuce shafi uku: dokar da aka dogara da ita, ƙa'idojin ɗauka da na rabon tafiya da horo, hanyar kai kuka, alƙaluma huɗu ko biyar da za a riƙa kawowa duk wata shida, da sunan muƙamin da zai kawo su. Ya fi kyau ya zama mataimakin darakta ko shugaban shirye-shirye, ke kina haɗa masa lissafin, don idan aka bar miki ke kaɗai za a ce harkar Hajiya ce. Horon da darakta ke so kuma a yi shi, amma rabin yini, ga mutum goma ko goma sha biyun da ke zama alƙalan ɗaukar aiki. A ba su dosiye uku na gwaji su yi maki kowa shi kaɗai, a kwatanta, su ga inda suka saɓa da dalilin saɓanin. Ragowar kuɗin a yi gangara da su, a biya 'yan sitaj kuɗin mota.